Hular Baba Labbo da notin taya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shagon caji a Isa, ko benci ban fitar ba, waya ta shigo daga gida Sabon Birni. Baba Labbo ya rasu bayan sallar asuba.

Ba hatsari ba ne, don na san abin da za ku fara tambaya ke nan. Bisa shimfiɗarshi ya cika, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki.

Da yawanku ba ku san sunan ba. Ku "Baba Noti" kunka sani, tsohon direban nan mai sanƙo na cikin bidiyona. To shi ne. Ƙanen kakana ne, ciki ɗaya. Ni na laƙa mishi wanga suna, ni na ɗauki bidiyon, ku kuma kunka taya ni yaɗa shi.

Tun ina ƙarami muke wasan jika da kaka. Ni in ce matarshi Inna Hajo tawa ce, ajiya na ba shi. Shi ya ce ko akuya ba a ba irina ajiya. Na taɓa sa mishi ƙadangaren roba ƙarƙashin kujerar mota. Sai da ya bari na fara zance wurin wata yarinya, ya tsaya da mota cike da fasinja ƙofar gidansu, ya tambaye ni ko na daina fitsarin kwance.

Da za ni buɗe shago, shi ya kwaso mani batir da sola da benci har Isa, ya ƙi karɓar ko sisi. Duk ranar kasuwa sai ya kawo mani fura daga Inna Hajo, ya ce ya sha rabi a hanya, ladan dako.

Bai taɓa sha ba. Kullum a cike take zuwa.

Wanda duk ya shiga motarshi ya san halinshi da taya. In anka yi faci, ba ya barin yaran mai faci su mayar mishi. Da kanshi zai duƙa. In ya kwance noti ba ya ajiye shi ƙasa, wai yashi na shiga ciki ya ci zaren ƙarfen. Sai ya tuɓe hularshi ya zuba su ciki. In za ya mayar, ya goge kowane da tsumma, ya murɗa da yatsu har ya zauna. Wanda ya cije tun farko, ya warware ya sake, ba ya yi mishi dole. Sannan ya ɗauki sifana, ya ɗaure wanga, ya tsallaka ga wanda ke kallonshi, ba bi da bi ba, don tayar ta zauna daidai. Sai ya sauke jak kafin ya ba su ƙarfin ƙarshe.

Abin da ya fi tsana shi ne a zura bututu ga sifana a hau ana tsalle. Yakan ce ma yaran, ranar da taya ta fashe mishi tsakiyar daji, su za su zo su kwance? Kun dai san hanyarmu yanzu, ba wanda ke son ya daɗe tsaye.

Kuma in an tashi, ba ya wuce gidajen ƙarshe na gari sai ya tsaya ya zagaya tayar da anka taɓa, ya sake gwada kowane noti. Fasinja su yi ta gunaguni, 'yan kasuwa su ce za su rasa ciniki. Shi ko a jikinshi.

Wata rana na tarar da shi duƙe bakin tasha, hula cike da noti, rana na dukan sanƙo. Na fiddo waya na ce, Baba, koya mani. Ashe da gaske ya ɗauka. Ya shiga yi mani bayani tiryan-tiryan, ni kuwa na kai kamara kan sanƙon, ina ta ƙyalƙyala dariya.

Na ɗora. Kun gani, kun yi dariya, har daga Nijar anka turo mani shi.

Abin da ba ku gani ba shi ne bayan nan. Yara na bin motarshi suna kiran Baba Noti, tuɓe hula. Dattijon da ke sahun gaba a masallaci, mai surukai. Ni a lokacin daɗi nike ji, mabiya sun ƙaru.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar kasuwar Isa ce. Ya kawo fura kamar kullum, tayar baya ta yi sanyi, ya tsaya gyara gaban shagona. Sai na ga ya fiddo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin kujera, shina zuba notin ciki. Hular na bisa kanshi.

Da bakina na wasa na ce, yau hula ta yi ritaya ke nan?

Bai ɗago ba. Ya ce: "Basharu, wasan jika da kaka na mutum biyu ne. Kai ka gayyato gari."

Shi ke nan abin da ya ce. Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Ya miƙo mani sifana ya ce in zo in ɗaure, tunda ranar dariya ta hana ni ji. Na ɗaure ɗaya, na nufi na kusa da shi, ya buge mani hannu ya nuna na tsallake. Da munka gama ya gwada su duka, ya ce ba laifi, in na rasa aikin caji ya ɗauke ni.

Na yi niyyar in ce ya yafe mani. Wallahi maganar ta zo har baki. Sai wani ya zo karɓar waya, na ce bari sai wata kasuwar.

Yau bisa mashin, tun daga Isa har gida, abu ɗaya ke raina: in goge bidiyon nan kafin 'yan gaisuwa su fara nuna ma juna. Sabis ya ƙi. Na iso ana shirin yi mishi sallah, munka kai shi, munka dawo.

Na shiga cikin gida gaida Inna Hajo. Tana zaune bisa tabarma, mata sun kewaye ta. Na duƙa can nesa, kaina ƙasa. Yau ba maigida ƙarami, ba ango. Sunana ta kira.

Ta ce an gaya mata akwai maganar Malam cikin wayata. Ta ce duk 'ya'yanshi sun duba, hotuna kawai gare su, ba wanda ke da muryarshi.

Na ce, Inna, ba abin kallo ba ne.

Ta ce ba kallo za ta yi ba, ji za ta yi.

Na matsa na kunna, na riƙe mata wayar kusa da kunne. Muryarshi ta fito, a natse, shina cewa a fara da hannu, kar a yi ma noti dole. Bisa muryar kuma ga dariyata, tana danne rabin abin da shike faɗi. Ban taɓa jin muryar da na tsana awa tawa ba.

Da ya ƙare ta ce: "Ba a iya cire dariyar?"

Na ce ba ta ciruwa, tare anka ɗauke su.

Ta gyara mayafi ta ce: "To bar ta. Maimaita mani."

Na maimaita. Ta sake cewa in maimaita.

Na sauke bidiyon daga shafina yanzu da sabis ya dawo. Cikin wayata kuwa ba za ni goge ba, na Inna ne, duk ranar da ta nema za ni je in riƙe mata, in ji kaina. Wanda ke da shi cikinku, don Allah kar ya sake turawa. In kuma kun kalla, ku saurari abin da shike faɗi, ya fi abin da na nuna muku.

Allah ya jiƙan Baba Labbo, ya gafarta mishi, ya haskaka kabarinshi, ya sa Aljanna ce makomarshi. Yadda ya yi ta kai mutane gidajensu lafiya, Allah ya sauke shi lafiya. Allah ya ba Inna Hajo da 'ya'yanshi haƙuri.

Duk wanda ya yi dariya ranar, ina roƙon shi ya yi mishi addu'a yau, da sunanshi na gaskiya. Labbo ne sunanshi.

Ni kuma ku roƙa mani Allah ya sa ya yafe mani tun ranar da ya miƙo mani sifana, don ban tambaya ba.