Iska a Cikin Ƙwarya

Ƙwarya ce ta suɓuce wa 'yata a tsakar gida, ta yi ta juyi a kan siminti tana gurnani kafin ta tsaya. Wannan ƙarar ita ta mayar da ni ƙauyenmu da ke hanyar Kajiji, a ƙasar Shagari, gidan kakana wanda ya haifi babana.

Kakata sana'arta zanen ƙwarya. Takan sa wuƙaƙe a garwashi, in sun yi ja ta bi bayan ƙwarya da su, warin ƙuna ya cika gida. Na sayarwa duk layi ne da gicciye, irin na kowa. Amma akwai wata tsohuwar ƙwarya mai tsagaggen baki da ta ware mana mu jikoki. Maimakon ta ɗinke tsagar, sai ta bi bakin gaba ɗaya ta yi masa tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. A ciki kuma ta zana kaza, ta sake zana ta, har ta zagaye: nan kai a sama, nan ya ɗan sunkuya, nan baki ya taɓa ƙasa. Za ka kwanta rub da ciki a kan daɓe, ka saita idonka da tsagar, ita kuma ta murza ƙwaryar. Wallahi kazar nan tsintar tsaba take yi. Ko talabijin ba mu taɓa gani ba a lokacin, wannan ne katun ɗinmu na farko.

Kakana malamin zaure ne, mai sanyin murya, amma ba ya maimaita magana. Wata ranar kasuwar Shagari, ƙarshen bazara, ruwa ya yi jinkiri, zafi ya koro shi gida da wuri. Ya tarar da mu a kwance.

"Mi kuka kallo, kun shimhiɗe awa ƙadangaru?"

Ya durƙusa ya leƙa. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya. Ya dubi kakata ya ce, "Kin san wanda duk yaz zana abu mai rai, gobe kiyama cewa za a yi shi hura mai rai? Ke har motsi kin ba ta. A hwasa ta."

Kada ka ɗauka mugunta ce. Tsoro yake ji mata, ita ma kuma ta tsorata da gaske. Amma ƙwaryar nan ita kaɗai ce aikin da ta yi don son ranta, ba don kasuwa ba.

"Malam, bar man ita zuwa wata kasuwa," in ji ta. "In ka ishe mai rai ciki, ni da kaina za ni hwasa ta."

Ni kuka na fashe da shi. Ta harare ni irin ta wasan kaka da jika: "Diba mijin banza, ana shirin hwasa man kaya shi kuka shikai."

Washegari ta zauna ta kankare kazar tas, har ƙwaryar ta yi sirara, kana iya ganin hasken rana ta jikinta. Na ji haushinta ƙwarai. Kwanakin da suka biyo baya takan zauna a ƙofar gida tana kallon gonaki, alhali ko shuka ba a yi ba, fili ne fetal. Daga nan sai ta koma gindin garwashi, ta kore mu.

Ranar kasuwa ta zagayo. Kakana ya dawo bayan la'asar, ta ajiye ƙwaryar a gabansa. Ya leƙa daga tsaye, bai ga komai ba sai karan gero. Ta ce sai ya kwanta. Tsohon nan ya cire rawani, ya kwanta rub da ciki a gabanmu, abin da ban taɓa gani ba. Ta murza. Gero ne ya fid da kai, iska na kwantar da shi yana tasowa, wani ganye ɗaya yana makara a bayan 'yan'uwansa. Ya daɗe yana kallo. Da ƙwaryar ta tsaya ya ce, "Ƙara murzawa." Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana:

"Wagga iskar gabas ta. Ruwa na tahe."

Ba a fasa ƙwaryar ba. Tsufa ne ya cinye ta, bayan su biyun sun riga mu gidan gaskiya.

Yanzu ina koyarwa a Bodinga, kuma iyaye kan tambaye ni wane katun ya dace a sa wa yara a waya. Amsata ba ta sauyawa. Ka ce wa mai tura fina-finai a kasuwa kana son wanda aka zana da hannu, ba mai sheƙi irin na roba ba. Za ka gane shi: layin yakan ɗan yi rawa, launin bai cika daidai ba. Kada ka tsaya kan fuskokin mutanen ciki, dubi ciyawa da hayaƙi da shanyar da ke bayansu. Wanda ya ɓata lokaci a kan ciyawa, ba zai cuci ɗanka a labari ba. In ka sami ɗaya da ya yi maka, jira sunan mai zanen a ƙarshe, ka nemi sauran aikinsa da na waɗanda suka koya a hannunsa. Hannu yakan yi kama da na malaminsa, kamar yadda a kasuwa ake gane ƙwaryar gidanmu daga nesa.

Kwanan baya na sa wa 'yar tawa wani katun daga wata ƙasa mai nisa, ko yarensu ba ma ji. Yarinya ce ke tafe a gona, ba a cewa komai. Na ɗauka 'yata za ta gaji. Sai ta matso da wayar kusa da idonta, ta ce, "Baba, dubi ciyawar. Za a yi ruwa."

Ba ta taɓa ganin ƙwaryar ba, ban kuma taɓa ba ta labarin ba. Na tashi na fita waje, don kada ta tambaye ni me ya shiga idona.