Ma'azu da Jiƙaƙƙen Buhu

Akwai aibin da ya fi kama masu basira: idan mutum ya ƙware a abu guda, sai ya ɗauka hukuncinsa ya hau kan komai. Wannan ya fi jahilci haɗari, domin jahili yakan yi tambaya. Shi ne ya kama Ma'azu, ɗan Malam Hamma na Bagudo.

Ma'azu da kanikancin babura ya fara. Shi yake kwance injin masu jigilar kaya zuwa iyakar Benin, ya ƙara masa ƙarfi har ya ja abin da maƙeransa ba su zata ba. Daga nan ya yanke cewa kowane inji yana da ɓoyayyen ƙarfi, tsoro ne ke hana a fito da shi. Da ya koma ɗaukar bidiyon bukukuwa, da wannan ra'ayin ya koma.

A azumin ƙarshe na mahaifinsa, ya ɗauki tafsirin da tsohon ya yi, wani da Hausa, wani da harshen Dendi. Bayan rasuwarsa ya juye kaset-kaset ɗin cikin kwamfuta, sannan ya ɗauki bukukuwa a kansu. Muryar Malam ba ta saura ko'ina ba sai a faifan ajiyar kwamfutar. Ɗalibansa suna jiran a tace a raba musu, kwamfutar kuwa tana jan jiki.

Sai ya tsallaka iyaka zuwa Segbana wurin Yero mai kayan kwamfuta, neman sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin. Yero ya ajiye masa biyu: ɗaya an ƙayyade gudunsa, ɗaya ana iya tilasta masa ya wuce ƙa'ida.

"Ɗauki na farin, kanike," in ji Yero. "Wancan in ka matsa mishi zafi shika yi, kuma fankar kwamfutarka ko sauro ba ta kora."

Ma'azu ya yi dariya. "Kai ko jaki anka ba ka, sai ka tambayi ina birki."

Ya ɗauki na biyu. A yi adalci: zaɓin shi kansa ba laifi ba ne, da ya haɗa shi da na'urar sanyayawa ta gaskiya. Amma bazara ta shigo, kwamfutar ta riƙa kashe kanta idan ta yi zafi, wanda gargaɗi ne ga mai hankali. Shi kuwa sai ya yi mata abin da ake yi wa randa: ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta.

Yayarsa Atika ta gani. "Ma'azu, kwafe karatun Baba wani wuri tukun."

"Yaya, bari in ƙare, in kwafe shi gaba ɗaya."

Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, abin da ya ƙara masa yaƙini. Wata rana bayan azahar ruwa ya ɗiga inda wuta ke shiga. Aka ji ƙara, ƙauri ya tashi. Ya kai faifan Birnin Kebbi, ya kai Sakkwato, ba a ceto ko kalma ba.

Ɗaliban Malam suka ce haka Allah Ya ƙaddara, ba wanda ya zarge shi. Ya rabu da kyamarar, ya koma Kende noman shinkafa wurin kawunsa. Yana can har yau. Idan aka tambaye shi yadda mahaifinsa ya fassara wata aya, yakan fara, sai ya kasa ƙarasawa, domin duk azumin nan hankalinsa yana kan kyamara, bai saurara ba.