Rubutun Ƙusa a Bangon Sito

Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da burushi, gidajen da na yi wa fenti tsakanin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar sun fi ƙarfin ƙirgata, amma akwai wata Laraba a Ɗanzomo da har gobe ba ta fita a raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ku saurara, abin kunyata zan ba ku, kuma da hannuna na yi shi.

Ƙarshen watan Mayu ne, zafi ya kai zafi, kowa yana duban gabas. Wani ma'aikaci a Dutse, Alhaji Nasiru, ya same ni a Gumel ya ce in je in gyara gidan mahaifiyarsa. Mahaifinsa tsohon malamin gona ne, ya rasu shekara biyu kafin nan, kuma tun rasuwar ba a taɓa gidan ba. Hajiya tana Gagarawa wajen 'yarta da ta haihu, sai Juma'a za ta dawo, shi kuma so yake ta dawo ta tarar da gida fes ba tare da ta sani ba. Ya ce, "Malam Sabo, fari za ka shafa ko'ina, har sito. Kada ka bar komai." Na ce an gama.

Ga wanda bai san aikin ba, fenti iri biyu muka fi amfani da shi a gidaje. Akwai na ruwa, akwai na mai, wato mai sheƙin nan da ake sirkawa da kananzir. Ƙa'ida ita ce ba a ɗora na ruwa a kan na mai sai an goge bangon da sanfefa ya yi kaushi, an cike ramuka da foti. In ba haka ba fentin ba ya kamawa, ɓarewa yake yi. Ɗan koyon wata uku ma ya san wannan.

Litinin da Talata na gama ɗakuna da zaure yadda ya kamata. Laraba da safe saura sito, ɗan ɗakin da ake ajiye buhunan gero da wake da jarkar man gyaɗa. Na fitar da kaya, na share yanar gizo. Rabin bangon na ƙasa tsohon fentin mai ne, kore, kuma kusa da ƙofa duk an kakkarce shi, layi bisa layi, daga daidai kafaɗata har ƙasan ƙugu. Ɗakin da duhu, ni kuma hankalina yana kasuwar Maigatari, washegari Alhamis ina so in je sayen tunkiya. Na ce a raina ɓarnar jikoki ce. Kuma sito ne, wa zai leƙo ya duba? Ban goge ba, ban sa foti ba, na tsoma rola a farin fentin ruwa na bi ta kai sau biyu na fito ina yabon kaina.

Bayan azahar ina wanke kayan aiki sai ga Hajiya ta yi sallama, kwana biyu kafin lokacinta. Wai ta ga hadari ya fara haɗuwa, ta dawo ta fitar da iri. Ta bi ɗakuna tana murmushi. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Wancan yaron ne ya turo ka ko?" Ba ta kama sunan Alhaji Nasiru, ɗan fari ne. Ta yi ta sa masa albarka har ta shiga sito. Daga nan na ji shiru.

Da shirun ya yi yawa na leƙa. Na same ta ta ɗora tafin hannu a bango tana lalube.

"Ɗan nan, ina rubutun?"

"Wane rubutu, Hajiya?"

A tsaye ta yi mini bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Tun shekarar da suka tare a gidan, duk ranar da aka yi ruwan shuka maigidanta yakan ɗauki ƙusa ya karce rana da wata a wurin nan. Ita ba ta yi boko ba, amma ta san kowane layi da mazauninsa, ta san na shekarar da aka yi fari, ta san na shekarar da ta yaye autarta. Takardunsa gara ta cinye su a akwati. Ta ce, "Ba wani rubutun Malam da ya rage sai wannan. In na zo ɗibar hatsi nakan shafa, sai in ji kamar mun gaisa." Sannan ta juyo ta ce, "Ba komai, ai ba ka sani ba. Allah ya yi maka albarka."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita zaure na kira Alhaji Nasiru. Ya yi salati, ya ce, "Na manta da shi sam, Malam Sabo. A gabana Baba yake yi." Na ji muryarsa ta karye, na kashe wayar.

Ina tsugune a zauren na tuna ban goge bangon ba. Da na bi ƙa'ida, da sanfefa ta cinye rubutun, foti ya binne sauran. Na roƙi Hajiya ruwan ɗumi da tsumma da soso mai laushi. Na jiƙa wata kusurwa, na ɗan jira, na murza a hankali. Farin ya saɓule kamar ɓawon dafaffen dankali, koren ya fito. Abin da ban zata ba shi ne, farin da ya shiga cikin karcen ya zauna abinsa, sai ga lambobi farare tas a kan kore.

Hajiya ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna bayana. Idonta ya yi rauni, shekaru ke nan da hannu kawai take sanin rubutun. Da layi na uku ya fito ta matso sosai, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka hannunsa yake da kyau." Na yi kamar ban ga tana share ido da gefen mayafi ba, don nawa ma sun ciko.

Aikin bai ƙare ba sai washegari da la'asar. Sauri ya haifi nawa, kasuwa ta ci ba ni. Sauran bangon na goge shi na sake shi bisa ƙa'ida, na zagaye wurin rubutun. Da na zo ja masa iyaka daidai layin ƙarshe sai ta riƙe hannun rigata. Ta ce, "Ka ƙara ƙasa kaɗan, ɗan nan. Damina biyu ba wanda ya rubuta. Ban iya lamba ba, amma zan iya jan layi." Na bar mata taki biyu, na zaro ƙusa daga jakata na ba ta.

Kada wani ya fita nan ya ce Sabo ya ce a daina goga. Ha'inci na yi, Allah ne ya rufa mini asiri. Abin da na koya shi ne, wanda ya kira ka aiki daban, wanda yake rayuwa da bangon daban. Tun daga ranar ba na buɗe gwangwani sai na zaga gida da mai kwana a cikinsa, na nuna kowane tabo da kowane karce na ce, "Wannan fa, a shafe ko a bari?" Mafi yawa dariya suke yi su ce a shafe. Amma lokaci-lokaci sai ka ga mutum ya kai hannu wurin.