Irin da Iro Ya Kawo Mana

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai Iro makwancinsa, a bayan ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Abokina ne tun muna kiwon awaki. Taurin kansa irin na jakunansa ne, na sha gaya masa haka, shi kuma ya ce ai hira da su ta fi hira da ni amfani.

Fatauci ne sana'arsa. Gishiri, kanwa, kalanzir, duk abin da ƙasarmu ba ta bayarwa, a bayan jakunan Iro yake shigowa. Ya san mai kawo kowane kaya kasuwa, ya san lokacin da zai ƙare a gidajenmu, kuma bai taɓa bari damina ta rufe hanya alhali ba mu da gishiri ba.

Abu ɗaya ne ba a taɓa aikensa ya sayo ba, shi ne iri. A wurinmu ba a sayen iri. Da kaka, kafin a ɗaure dami, maigida kan bi gona ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika, ya adana ta a ƙuryar rumbu. Da idonsa ya ga abin da zai shuka baɗi.

Sai shekarun fari suka zo a jere. Aka cinye rumbu, aka koma dusa da tafasa, a ƙarshe mata suka sauko da irin suka daka. Ba wanda ya ce musu don me, yara na kuka. Da hadari ya fara haɗowa, dattawa suka tattara 'yan awakin da suka rage, suka ce Iro ya sayar ya nemo mana abin shuka.

Ya samo a wurin dillalin da ya daɗe yana hulɗa da shi, tsaba a buhu, fes da ita. Ya tambaye shi, "Alhaji, gero ne na shuka?" Dillalin ya ce, "Haba Malam Iro, ni da kai?" Shi ma ba da gangan ya yi ba. Daga wani mai mota ya karɓa, mai motar daga wani ɗan kasuwa can kudu, kuma a cikinsu babu wanda ya ga gonar. Kowa ya yarda da hannun da ya miƙo masa, bai tambayi na baya ba. Mu kuwa da ba mu saba sayen iri ba, ba mu ma san ana tambaya ba.

Ban taɓa ganin shuka mai kyau kamar ta wannan shekarar ba. Kara ya wuce kan mutum, kore shar. Tsofaffi na tare Iro a hanya suna sa masa albarka. Sai lokacin da gero ke fitar da kai ya zo, ya wuce, namu shiru. Ashe maiwa ce, mai son doguwar damina. Ruwa ya ɗauke da wuri ya bar ta a tsaye. Har yau in iska ta kaɗa busasshen kara sai in tuna gonakin nan, cike da kara ba ƙwaya ko ɗaya.

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi ma, ina jin da ya fi masa sauƙi. Mutane dai suka fara ɗaure kaya. Maƙwabcinsa Malam Audu, wanda ya binne autarsa a wannan ranin, ya zo ya yi masa sallama. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, haka Allah ya so." Ya kwashi iyalinsa suka nufi birni.

Daga nan Iro ya daina karɓar kaya sai ya bi sawunsu. Da kaka yakan tafi har gonakin garin Kunci, a yanke zangarniya a gabansa, ya dawo ya raba gida-gida. Muna tsokanarsa cewa saura gishiri, shi ma sai ya je ya gaida teku. Ba ya dariya.

Yanzu iri a leda yake zuwa, da hoto a jiki. Matasa su buga waya, a kawo musu a kan babur. Akwai sauƙi, ban musa ba. Amma hannuwan da kaya ke bi ƙaruwa suka yi, kuma da Iro zai leƙo, na san juya ledar zai yi ya ce, "To, wa ya ga gonar?" Ina jin tsoron amsar da za a ba shi.

Me ya rage na Iro? Geron da gidaje da yawa ke shukawa a garinmu daga wanda ya raba ya samo asali. Yara na kiransa ɗan Iro, ba su san dalili ba. A ganina wannan ya isa mutum ya yafe wa kansa, amma shi bai yafe ba. Da na je duba shi a ciwon ajali, ya riƙe hannuna ya ce, "Su Malam Audu sun dawo?" Sai na gyara masa mayafi.

Allah ya jiƙan Iro, ya sauke masa wannan nauyin. Gidan Malam Audu yana nan, katanga ta zube, tumfafiya ta cika tsakar gida. Har yau ba su dawo ba.