Malam Haruna Mai Gilashi da Dutsen da Ba Wanda Ya Gani

Duk wanda ya san Malam Haruna Mai Gilashi ya san ba ya kallon mutum da ido biyu. Sai ya runtse na hagu, ya haɗa yatsu kamar taga, ya leƙo ka ta ciki. Ran ɗaurin aurena na ci babbar riga ina ta washe baki, ya leƙo ni ya ce, "Tanko, matsa gefe, kana ɓata wurin." A aurena fa!

Ku ɗalibansa kun ce in rubuta wani abu tunda na fi kowa daɗewa da shi. To, zan rubuta. Amma ku sani a aji uku na tsaya, kuma ba yabo na zo yi ba, ƙara na kawo.

Tare muka koyi fenti a shagon Oga Okoro a unguwar Kongo-Rasha ta Jos, muna rubuta allon shaguna da jikin manyan motoci. Wallahi na fi shi hannu. Oga da bakinsa yakan ce, "Tanko, hannu naka mai kyau. Haruna, kai tafi wanke buroshi." Amma da masu yin fim na gwamnati suka zo neman mai zane, wa suka ɗauka? Mai wanke buroshi! Har Ingila suka tura shi. Ya dawo da kwat da sabuwar sana'a, wato yi wa kyamara ƙarya. Zai kafa gilashi a gabanta, ya zana bene a jiki, sai ka ga ɗakin shan magani mai ɗaki biyu ya zama asibiti hawa uku a majigi. Ni kuwa ina nan ina rubuta "Ba a fitsari a nan."

Shekara uku da suka wuce, da damina, ya ce in zo in taya shi, ana fim kan zaizayar ƙasa, ana son ruwan sama. Muna isa bayan garin Kuru sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Na ce, "Alhamdulillahi, a kunna!"

Ya leƙa ya ce, "Bai yi kama da ruwa ba."

"Haruna, ka ji tsoron Allah! To mene ne wannan, kunu?"

"Ruwa ne, amma kyamara ba ta ganinsa."

Muka fake har ya ɗauke. Sannan ya sayi nono ƙwarya biyu wurin wata Bafullatana, ya tsinka shi da ruwa, ya ɗura a garwar ban-ruwan lambu, ya ɗora ni kan tsani in yi ta yayyafawa. Matar ta tsaya tana kallo ana kwararar da nono a ƙasa, can ta ce, "Malam, in fura ce ba ku da ita ai da kun faɗa." Abin haushin, a majigi ruwan nan ya fi na gaske kama da ruwa. Astagfirullah!

Na ce tunda na sha tsani, sai a sa ni a fim. Ya ce ya yarda, sai dai a fim na gaba. Shi kuma na zazzaɓin cizon sauro ne. Ya ƙera sauro da waya da takardar siminti, girman zakara, ya rataye shi da zare, aka kwantar da ni kan tabarma. Na yi aski, na gyara gashin baki. Ran da aka nuna a unguwar Jos Jarawa har surukaina na gayyata. Me aka gani? Sauro ya cika farin ƙyallen majigi tam, sai ƙeyata a can ƙasa. Mata suna ta ihu, aka tafa wa sauro. Da aka tashi surukina ya dafa ni ya ce, "Ƙeyar ma ta yi ƙoƙari."

Duk wannan na yafe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ajinsa. Ya koyar da ku duka, har Ngozi jikar Oga Okoro, wadda a gabana aka haifi ubanta. Ni kuwa sau uku ina zuwa da buroshina, sau uku yana kora ta.

"Hannunka ya cika tsafta," in ji shi. "Kai in ka zana itace sai ka ƙirga ganyen. Koma ka rubuta allo."

Na yi wata biyu ba na gaishe shi. Bai ma lura ba.

To ga abin da ba ku sani ba. Bara yanar ido ta fara rufe masa gani, bai so ku gane. Ga shi ana fim kan yadda Jos take a da, kafin zuwan masu haƙar kuza, ga turakun lantarki da rufin kwano sun tsaya tsakiyar wurin, dole a rufe su da dutse a jikin gilashi. Sai ga shi a shagona da kansa.

"Tanko, ara mini hannunka. Hannun kawai, ka bar kan a gida."

Kwana uku muna yi yana zagina. In na gyara gefe ya yi sumul, sai ya kawo hanci daf da gilashi ya ce, "Ya yi kyau, goge! Dangwala kawai, kamar mai jin haushi."

"Ai ina jin haushin!"

"Madalla, ci gaba."

Na ce, "Wai kai da ba ka gani, da me kake kushe mini?"

Ya ce, "Duhu da haske kawai suka rage mini, su ne kuma kyamara take so."

Ran nuni na zauna kusa da shi. Dutsena ya fito, ya tsaya, ya wuce. Ko tari ba wanda ya yi. Na zunguri na kusa da ni na ce, "Ka ga dutsen nan?" Ya ce, "Wane dutse? Jos ce fa, ina ne ba dutse?" Wani tsoho a bayanmu ma cewa ya yi a gindin dutsen ya yi kiwon awaki yana yaro. Dutsen da na gama ran Laraba!

Na juya ga Haruna kamar in shaƙe shi. Ya ce, "Ba wanda ya gane?"

"Ko mutum ɗaya!"

Sai ya lalubo hannuna ya riƙe gam, yana dariya har da hawaye. "To ka ci jarrabawa, Tanko. Shekara talatin ina yi, iyakar tafin da ake samu ke nan."

Ga ƙarata, ku yi hukunci. Aikin da na fi iyawa a duniya ya sa na yi shi inda ba mai gani. Shaidata mutum ɗaya ne, shi ma ya lallaɓa ya tafi ya bar ni, yanzu in na faɗa a majalisa sai a ce tsufa ne.

Ya Allah, Kai da ba abin da ke ɓuya a gare Ka, Ka duba abin da bawanKa Haruna ya yi a ɓoye na alheri, Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa. Hassadar da na yi masa kuwa, Ka san rabinta ƙauna ce. In tawa ta zo, Ka sa in cika da imani, Ka zaunar da ni kusa da shi.