Ranar da Baba Ya Ari Kunnena

Wata Lahadi ce da hantsi, cikin sanyin shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da kogin Komadugu ke cike maƙil kuma shanyar tattasai ta mayar da bayan garinmu ja wur, can kusa da Geskeru. Ina zaune a gaban tsohuwar motar Baba, ƙafafuna na lilo, muna dawowa daga gonar maƙwabciyarmu Ya Fanta da buhunan busasshen tattasai a baya. Motar irin mai buɗaɗɗen bayan nan ce da ake kira bashe, fentinta ya koɗe, ƙofar ɓangarena da igiya ake ɗaure ta. Na san muryarta sarai, don tun ina goye nake jin ta. Shi ya sa da muka hau wani tudun yashi na tsinci sabon abu a cikin rurin injin, wani ɗan kas-kas-kas mai sauri, kamar ana buga cokali a bakin kwano. Na ce, "Baba, motar na yin wata ƙara." Bai juyo ba. Na sake faɗa, shiru. Sai da na ja hannun rigarsa ya dubi bakina, sannan ya taka birki.

Ya sauka ya ɗaga murfin gaba, injin na aiki. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ya daɗe. Ƙarar tana nan fili, ko akuyar da ke cin ƙaya a gefen hanya ta ji ta. Amma Baba ya ɗago ya tambaye ni, "Uwata, har yanzu tana yi?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A nan ne abubuwa da yawa suka haɗu a kaina. Bazarar da ta wuce ya yi wani zazzaɓi mai tsanani, har aka kwantar da shi a likita, wato asibiti, a Diffa. Tun da ya dawo ya riƙa ƙure rediyo, daga baya ya rataye ta gaba ɗaya. In an yi masa magana ta baya ba ya amsawa, in ta gaba ce sai ya ce "to, to" ko da tambaya aka yi. Mu yara mun ɗauka ciwo ne ya sa shi miskilanci. Ashe kunne ne ke tafiya.

Gidanmu kan motar nan ya dogara. Gonarmu ƴar ƙarama ce, gero ne kawai da ɗan yakuwa a bakin shinge, saboda haka lokacin tattasai shi ne kakarmu. Da sassafe ni da ƙannena mukan share filin shanya, mu taya mata tsince ruɓaɓɓu daga masu kyau, muna atishawa har hawaye, hannu na zafi ko an wanke da toka. In mun dawo daga lakwal mu ɗebo ruwa a bakin kogi, mu tsaya kallon masunta na jera kifi a kan banda, mu yi ƴar carafke a inuwar tsamiya har Inna ta ƙwala kira. Duk ranar Talata kuwa, kasuwar Diffa, Baba ke kwashe buhunan mutanen unguwa ya kai su. Wa zai ɗora wahalar shekararsa a motar direban da ba ya jin injinsa? Ko da nake yarinya, na gane abin da ya sa ya yi shiru da maganar. Na kuma gane dalilin da ya hana shi tunanin gareji: nisa ne da mota marar lafiya, kuma tambayar farko da makaniki zai yi ita ce, "Daga ina kake jin ƙarar?"

Muka lallaɓa gida a hankali. Ya ajiye motar ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ya shiga ya ɗauko muciyar Inna, wata tsohuwa da ta daina tuƙi da ita. Ya ɗaure mini kallabi tamau, ya cusa bakin zanena, ya nuna mini fanka da bel ya ce ko da wasa kada hannuna ya je wajen. Ya tayar da injin, ya kife turmi na hau. Ya ɗora kan muciyar a bisa dogon murfin da ke saman injin, ɗaya kan kuma ya manna mini a kunne. Na firgita da abin da na ji. Ashe cikin injin gari guda ne, wannan na sheƙa, wancan na gurnani, kowa da aikinsa. Baba ya riƙa matsar da muciyar kaɗan-kaɗan daga gaba zuwa baya, idonsa a kan fuskata. Da muka zo kusa da tsakiya sai ƙarar ta soki kunnena, na ɗaga hannu. Ya wuce, ta ragu. Ya dawo, ta ƙaru. Ya ɗauki gawayi ya yi alama a wurin, ya ce, "Supap ce." Ya bayyana mini cewa wasu ƴan ƙarafa ne masu kai kamar na ƙusa, suna buɗewa mai ya shiga, hayaƙi ya fita, kuma in datti ya kama ɗaya sai ta riƙa makara wajen komawa. In aka bar ta, wata rana za ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa a gida.

Sai injin ya huce sarai ake wannan aiki, don haka aka bari sai Litinin bayan sallar asuba. Ranar ban je lakwal da safe ba. Ya kwance murfin, na ga jerin ƙarafa baƙi ƙirin da daskararren mai kamar kwalta. Ya juya injin da hannu, muka ga ta wajen alamar gawayin tana dawowa da nawa, ba kamar ƴan uwanta ba. Ya ɗiga mata kalanzir, ya danna ta da ƙotar guduma, ya saki, ya sake ɗigawa. Ya fi sau talatin yana haka, ni ina riƙe da gwangwani, sanyi na cin yatsuna, har ta fara tsalle da kanta. Daga nan ya fito da wasu siraran ƙarafa kamar reza da yake ajiyewa cikin tsumma, ya gwada tazara, ya sassauta noti, ya murɗa, ya ɗaure. Ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Kafin ya mayar da murfi rana ta ɗaga, bayansa ya riƙe, ɗan yatsansa na jini, kuma mutane sun fara leƙowa suna tambayar ko tafiyar gobe na nan.

Ya tayar da mota, na hau turmi. Ƙarar ta ragu ƙwarai, amma tana nan, ƴar siririya. Na dubi Baba, na ga yadda ya zuba mini ido, gumi a goshinsa duk da sanyin nan. Sai na ce, "Ta daina." Bai yi murmushi ba. Ya ci gaba da kallona har na sunkuyar da kai. Wanda ya yi watanni yana karanta fuskokin mutane ba yarinya ce za ta ruɗe shi ba. Ya kashe injin, ya tsuguna daidai tsayina ya ce, "Uwata, kunnenki na ara, ba tausayinki ba. Abin da kika ji za ki faɗa mini." Na fashe da kuka na ce saura kaɗan. Ya ce madalla, ya shafa kaina da bayan hannu don cikinsa duk mai ne, ya aike ni in karya kumallo kafin injin ya sake hucewa. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Mutum mai shekara ashirin yana tuƙi ya sake kwance aikin da ya gama a kan maganar ƴar shekara goma.

Ana cikin kwancewa ta biyu Ya Fanta ta iso, ita da ta fi kowa buhuna a motar. Mijinta ya rasu, tattasan nan shi ne abincin jikokinta huɗu. Ta tarar da ni da muciya a hannu, Baba ya yi sauri ya miƙe yana neman abin faɗa. Ba ta bar shi ya wahala ba. Ta zagayo gabansa, ta ɗaga murya yadda ake yi wa na tsallaken kogi, ta ce, "Malam Bukar, tun damina muka sani. Da wa kake ɓuya? Idonka ai yana gani, hannunka bai manta hanya ba. Ka gyara mana mota, ga yarinya nan ta ji maka." Baba ya tsaya da kile, ƙarfen kwance noti, a hannu. Can ya juya ya duƙa cikin injin, ya daɗe bai ɗago ba. Ashe shi ya sa maza a majalisa suka koma zama ta gabansa, mata kuma in za su yi masa sallama sai sun zagayo. Unguwa guda ta rufa masa asiri, har ga shi kansa.

Bayan azahar ya sake tayarwa. Na bi murfin da muciya daga gaba har baya, na dawo, na sake bi don in tabbata. Babu komai sai rurin da na sani. Wannan karon ban ma buɗe baki ba ya yi dariya, irin wadda rabonmu da ji tun kafin ciwonsa. Talata motar ta tafi Diffa ta dawo lafiya, Ya Fanta ta kawo mini alawa da ɗan kunne na roba. Da mushe, malamin ajinmu, ya tambayi dalilin fashina na ce gyaran mota na yi, aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ko a jikina. Daga ranar, duk safiyar Talata kafin in ɗauki jakar lakwal sai na saurari injin na ba Baba labari, har shekara uku, lokacin da shi da kansa ya ga jin ya ragu da yawa ya miƙa tuƙin ga ƙanensa.

Yau garin namu ya watse. Rashin kwanciyar hankali ya taso mutane daga bakin kogi, wasu na zaune gefen kwalta, wasu irinmu a cikin Diffa, Ya Fanta kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ina koyarwa a wata lakwal, kuma in yaro ya faɗi abin da ya gani nakan saurare shi har ƙarshe, don na san abin da hakan ya yi mini. Baba yana wajena, ya tsufa, ba ya jin komai yanzu. Da la'asar yakan zauna ƙofar gida yana kallon motocin ƙungiyoyi masu sheƙi suna wucewa, jikokinsa na yi masa magana da hannu yana gyaɗa kai. Wani lokaci nakan zauna kusa da shi in ce na gode, da ƙarfi, ko da na san maganar ba ta shiga. Na yi jinkirin faɗa, amma yana duban fuskata ya yi murmushi.