Murhun Ƙarfen da Baba Ya Ƙera wa Kaka

Duk lokacin da damina ta jiƙa itace, iska ta kaɗo mini hayaƙin nan mai ɗaci daga wani gida, sai in tuna gidan hayar da na tashi a Sharaɗa, bayan kamfanonin roba. Inna tana ɗinkin buhuna a kamfani, ba ta dawowa sai magariba, don haka tuwon gidanmu na Kaka ne, mahaifiyar Baba. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata muciya.

Hayaƙin ne ya ci ƙirjinta. Takan durƙusa tana hura wuta, idanunta na zubar da ruwa, sai tari ya sarƙe ta har ta dafa bango. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ko ta rabu da hayaƙi ko ta rabu da girki. Baba mai walda ne a wani kamfani a Chalawa. A satin ya shigo da ƙaramar tukunyar gas, irin mai kan girki a samanta.

Kwana uku Kaka ta yi tana amfani da ita. A rana ta huɗu tana cikin tuƙi tukunyar tuwon ta goce, talge ya zubo mata a ƙafa. Ta tura gas ɗin bayan ƙofa, ta rufe shi da tsohon zani, ta koma kan duwatsun murhunta. Haka yake a gidaje da yawa a layinmu, an sayi gas amma shayi kawai ake dafawa da shi.

Baba ya ɗauka tsoro ne. Ya yi ta yi mata bayani cewa ba zai fashe ba, tarin kuwa yana ƙaruwa. Wata ranar Lahadi ta katse shi.

"Ba wutar nake tsoro ba. Abin da ba ya riƙe tukunya, ta yaya zan tuƙa tuwo a kansa?"

Ranar ya zauna ya kalli yadda take tuƙi tun daga farko har ta kwashe. Ya auna gindin tukunyar da tsayin kujerarta. Ya sayo guntayen rodi, ya ƙera murhu mai faɗin ƙafafu wanda gas ɗin zai shiga ƙarƙashinsa, da zoben da tukunya za ta zauna a ciki. Na farkon ya yi tsayi, ta ce ya mayar. Na biyun ta gwada, ta danna muciya da ƙarfinta, tukunyar ba ta motsa ba. Ta ce masa Allah ya yi albarka, ta ci gaba da tuƙi.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Filato, ita ta fara cewa a yi mata irinsa, sai sauran mata suka biyo. Shekarar da gas ya yi tsada wasu suka koma itace. Inna ta kawo wannan shawarar, Kaka ta ce, "Na riga na saba da numfashi. A rage nama, a bar mini gas."

Ta ƙara shekaru masu yawa tare da mu, har ta ga aurena. Yau kusan kowane lungu akwai mai sayar da gas, 'ya'yana ba su san hura wuta ba. Idan na ji ana cewa tsofaffi ba sa son sabon abu, nakan ce a fara tambayarsu abin da ya hana su. Allah ya jiƙan Kaka, ya saka wa Baba da alheri.